Nasiha Ga Ɗana Mai Wasan Dabo

Ɗana, kana da hannu. Ba don kai ɗan ƙanwata ne na faɗa ba. Na ga 'yan dabo iri-iri tun ina yaro, kuma yadda kake ɓatar da murfin kwalba a tsakanin yatsu, ka je ka zaro shi daga aljihun yaron da ke tsaye can gefe, ya isa a sallama maka. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne saƙonnin nan da ka ce suna shigo maka ta waya tun ranar da ka saki bidiyon da kake mayar da farar takarda 'yar dubu. Wannan ya ce ka ninka masa jari, waccan ta ce an ɗauke mata sarƙa ka duba mata ɓarawon, wani ma har ya fara kiranka Malam. Kai dariya abin ya ba ka. Ni kuwa gabana ya faɗi, don na san mutumin da ya taɓa tsayawa daidai inda kake tsaye yau, kuma na ga inda ƙafarsa ta kai shi.

Kafin a canza kuɗi a 1973, lokacin muna zaune cikin gari ba mu dawo nan Unguwar Rogo ba, akwai wani dattijo baduku a layinmu. Idan kaka ta yi, kuɗi ya shiga hannun manoma, yakan ajiye fata da basilla ya ɗauki jakarsa ya bi kasuwanni yana wasan dabo: Achida, Wurno, Gwadabawa, har Illela bakin iyaka. In an ba mu hutun makaranta nakan bi shi in riƙe masa kaya. Kakanka bai hana ba, don ya san mutumin, sahu ɗaya suke salla.

Kayan wasansa ba su taka kara sun karya ba. Makaɗi ɗaya da kalangu, tabarma, ƙwai, kwabo mai huji, allurai da zare, sai wata jaka mai ciki biyu da ya ɗinka da hannunsa, wadda ko ka juye ta ka kakkaɓe ba za ka ga bakin aljihu na biyu ba. Akwai kuma babban yaronsa, wanda kan riga mu shiga kasuwa ya saje da mutane, in an ce wani ya fito ya ba da hularsa sai ya fito kamar bai taɓa ganinmu ba. Da na shiga ciki, abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar asirin. Abin da ke sa dattawa salati, in ka tsaya ta bayan mai yi, bai wuce hannun hagu ya gama aiki tun ido na kan na dama ba. Kiɗan ma da aikinsa. Da kalangu ya ɗau zafi, kawuna suka juya wajen makaɗi, a wannan ƙiftawar ƙwai ke sauya wuri. Yakan ce mini, "Yaro, ko mutum ɗari sunka taru, idonsu guda na. Inda kad duba, nan za su duba."

Yadda yake rufe wasa shi nake so ka riƙe. Bai taɓa naɗe tabarma ba sai ya ɗaga hannuwansa biyu sama ya ce, "Jama'a, wanga wasa na, ba tsahi ba na. Hannu ya riga ido. Wanda yaj ji daɗi shi jefa kwabo." Wani lokaci har yakan zaɓi ƙaramar dabara guda ya warware ta a fili, yara su ga yadda ake yi, ya bar sauran a rufe. Babban yaron nan ya sha yi masa ƙorafi a hanyar dawowa, wai yana zubar da kwarjininsa da bakinsa, da zai yi shiru da mutane sun riƙa biyo shi gida da awaki. Ko da bai yi shirun ba ma suna biyowa. Na ga miji da mata sun tako tun daga ƙauye da jariri jikinsa kamar wuta, sun ji labarin mai fiddo ƙwai daga iska. Ya ba su ruwa suka sha, ya ce, "Ni baduku na, ku wuce asibiti," ya haɗa su da ni in nuna musu hanya.

Sai fari ya zo. Wanda ya ga 1973 da 1974 a ƙasar nan ba ya bukatar labari. Shanu sun faɗi, Buzaye da mutanen arewa sun gangaro cikin gari da ƙoƙo a hannu, hatsi ya yi tsadar da ba mu taɓa ji ba. Wanda bai ci ba kuwa ba ya jefa kwabo a tabarmar ɗan dabo. Dattijon ya koma kan fatarsa. Jar fatar akuyar Sakkwato ba ta rasa mai saye ko ciniki ya ja baya, da ita ya lallaɓa iyalinsa har ruwa ya dawo. Babban yaron ba shi da komai sai dabo, kuma ya fi maigidansa hannu, wannan kowa ya shaida.

Ba rana ɗaya ya lalace ba. Laya ya fara sayarwa bayan an tashi wasa, wai maganin ƙarfe. Daga nan ya daina faɗin maganar nan ta rufe wasa. Can sai muka ji ya kama ɗaki a wata unguwa, ya rataya baƙin labule, ya samo yaro mai iya sauya murya ya ɓoye shi a baya, aka ce aljani ke magana. Jaka mai ciki biyu, irin wadda aka ɗinka don ƙwai, ta koma jakar ninka kuɗi. Ka sa naira ɗaya da hannunka, a fiddo maka biyu, ka je kasuwa ka kashe, kuɗi ne na gaske. Gobe kai da ƙafarka za ka dawo da goma, a ba ka ashirin. Ranar da ka kawo jarinka kaf, ranar za a ɗaure maka ƙunshi a ce kada ka kwance sai bayan kwana bakwai, in ka yi gaggawa aljanu za su juya shi. Ko ka yi haƙuri ko ba ka yi ba, yankakkiyar jarida za ka tarar, kuma za a samo laifin da ka yi: ka gaya wa matarka, ko ka taɓa ƙunshin ba alwala. Wani mai noman albasa da na sani, mutum mai hankalinsa, ya sayar da amfanin fadamarsa na shekara ya kai. Kunya ta hana shi kai ƙara. Ya daina zama majalisa, ya daina fitowa sai da duhu, matarsa ta koma gidansu. Shi kuwa mai ɗakin aljanu ya yi 'yan shekaru yana saɓa babbar riga, ya shiga gidan yari ya fito, ya bar garin. Labarin ƙarshe da ya iso mana, a wata tashar mota can kudu aka tsinci gawarsa, aka rasa wanda ya san danginsa.

Daga kasuwar Achida zuwa ɗakin nan, dabarar hannunsa ba ta canza ba ko kaɗan. Askar wanzami ce, da ita ake gyara fuska, ita kuma ke yanka. Abin da ya canza shi ne abin da ya bari mai kallo ya ɗauka. Wanda ya jefa kwabo a tabarma ya san me ya saya, ɗan mamaki ne da dariya, kuma ya samu. Mai albasa an sayar masa da abin da babu. Kuma ka fahimce ni, ban ce ka tona duk dabarunka ba. Kowace sana'a tana da sirrinta, marini ma ba ya gaya wa kowa haɗin babansa. Ka ɓoye yadda kake yi, wannan haƙƙinka ne. Amma kada ka ɓoye cewa hannu ne ke yi.

Kai ma nauyin da ke kanka ya fi na badukun nan. Shi a kasuwa yake wasa, cikin mutanen da suka san gidansa, suka san yana ɗinka musu kube da linzami. Kai wanda ke kallonka yana Agadas ko Kumasi, bai san mahaifinka ba, bai ga kana zuwa masallaci ba, kuma mai yiwuwa a daren da bidiyonka ya iso masa bashi ya hana shi barci. Irin wannan mutumin ba wasa yake nema ba, mafita yake nema, kuma duk wanda ya nuna masa ƙofa zai shiga.

Zancen halasci da haramci ka kai shi gaban malamanmu, ka zauna ka bayyana musu abin da kake yi dalla-dalla, har da jakar da zaren. Za ka tarar akwai masu tsanantawa ko a kan saurin hannu zalla, saboda gudun abin da yake jawowa, kuma bayan labarin da na ba ka ba za ka ce ba su da hujja ba. Inda babu saɓani shi ne da'awar sanin gaibu. Shehu Usmanu, wanda hubbarensa ke cikin garin nan, ya ambaci masu duba da ƙasa da masu cewa aljanu na kawo musu labarin ɓoye a littafinsa Nurul Albab, kuma hukuncin da ya yanke musu mai nauyi ne. Baiwar Allah da ta ce ka duba mata ɓarawon sarƙa wannan ƙofar ta buɗe maka, ba tare da ta nufe ka da sharri ba. Ka amsa mata da ladabi cewa ba ka san komai ba, don in ka yi shiru wani zai amsa mata, ya ambaci sunan kishiyarta ko 'yar aikinta. Ka tuna kuma da ƙissar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da masu sihirin Fir'auna. Igiyoyi da sanduna suka jefa, suka ruɗi idanun jama'a. Da gaskiya ta bayyana su ne suka fara faɗuwa suna sujada, tun kafin 'yan kallo, domin su suka san iyakar abin da dabara ke iya yi. Wanda ya san abu daga ciki ba shi da uzurin wanda ke leƙe daga waje.

Kada kuma ka raina sana'ar nan ka ce ba ta isa ta cuci al'umma ba. Gwamnati ma ta taɓa ɗaukar ɗan dabo haya. A 1856, shekara 26 bayan Faransa ta shiga Aljeriya, hukumomin mulkin mallaka sun damu da yadda mutane ke bin shehunan da ake jingina wa karamomi, masu iya tayar da ƙabila guda da kalma ɗaya. Sai aka aika wa Robert-Houdin, wanda asalinsa mai gyaran agogo ne kafin ya zama babban ɗan dabon birnin Faris. Aka tara shugabannin ƙabilu a gidan wasa na babban birnin ƙasar. Ya ajiye wani ɗan akwati, ya ce ƙaƙƙarfa ya fito ya ɗaga. Wani ya fito ya ɗaga shi da sauƙi. Sai ya ce masa to yanzu ya zare masa ƙarfinsa, ya sake gwadawa. Mutumin ya yi ta kokawa da akwati, ko gezau. Farantin ƙarfe ne a gindin akwatin, a ƙarƙashin dandamali kuma akwai maganaɗisu mai aiki da lantarki, in an kunna ya riƙe. Da ya sake kama mariƙin aka sakar masa wuta ta ciki, ya kwarma ihu, ya rufe fuska da alkyabba ya fice a guje. Robert-Houdin da kansa ya ba da labarin a littafin tarihin rayuwarsa, ya ce daga baya an sa tafintoci sun gaya wa shugabannin cewa gwaninta ce, babu sihiri. To amma wanda aka tozarta a gaban mutanensa ya riga ya fita, kuma tun farko an shirya wasan ne don a karya zukata. Duk lokacin da na tuna bawan Allah nan raina yakan sosu.

Wani yaro da aka haifa a Hangari a 1874, iyayensa Yahudawa suka yi ƙaura da shi zuwa Amurka, ya karanta wannan littafin, ya ƙaunaci mai shi har ya ari sunansa ya zama Harry Houdini. Shi ne wanda ake sa wa ankwa, a ɗaure shi da sarƙa, a rufe shi cikin akwati a jefa kogi ya fito. Shi ake zurawa kai ƙasa ƙafa sama cikin tankin ruwa a kulle. A zamaninsa babu ɗan dabon da ya kai shi suna, kuma da ya so a ce yana da aljanu da an ce. Akwai ma wanda ya faɗa. Arthur Conan Doyle, marubucin labaran Sherlock Holmes, likita ne, mai ilimi, kuma abokinsa, amma ya dage cewa wani iko na ɓoye ke fitar da Houdini daga ƙarfe. Houdini ya ce masa a'a, dabara ce da horon jiki. Doyle ya ƙi yarda. Ka ga ke nan boko ba ya tsare mutum daga wannan, in zuciyarsa na son ta gaskata.

Lokacin an fito daga Yaƙin Duniya na Ɗaya, gidaje da yawa a Turai da Amurka sun rasa 'ya'ya. Masu da'awar kiran ruhin matattu suka cika gari, suna karɓar kuɗin iyaye mata da matan mamata a ɗaki mai duhu, da muryoyi da ƙararrawa mai kaɗa kanta, ɗakin babban yaron nan sak. Houdini ya san zafin rashi, mahaifiyarsa ta rasu a 1913 kuma bai daina jimaminta ba. A 1922 matar Doyle ta zaunar da shi ta rubuto shafuka, wai saƙo ne daga mahaifiyar, da Ingilishi tsantsa, alhali tsohuwar ba ta iya Ingilishin kirki ba. A kan wannan abotar ta watse. Ya shiga bin ɗakunan nan da ɓad-da-kama, ya zauna cikin masu makoki har a kai tsakiyar aiki, sannan ya kunna tocila ya nuna wa kowa zaren da ƙafar da ke kaɗa ƙararrawa. Ya rubuta littafi a kansu a 1924, a 1926 kuma ya tsaya gaban kwamitin majalisar dokokin Amurka ya ba da shaida. An sha ruɗar malaman jami'a, shi aka kasa, don da irin kayan yake cin abinci.

Wannan aikin muna bukatarsa a nan. Har gobe ana kiran mutane a waya da tsakar dare, da murya mai amo, a ce sarkin aljanu ne ya zaɓe su, su tura kuɗin turare kada su gaya wa kowa. A unguwar nan akwai gidajen da abin ya ci, sun dai rufe ne. Na yi shekaru ina koyarwa, na san iyakar inda muryar malamin makaranta ke kaiwa. Bidiyo guda da za ka yi, ka juya hannunka a hankali kowa ya ga inda 'yar dubun ta ɓuya tun kafin a nuna farar takarda, zai tsare dukiyar mutanen da ni ba zan taɓa gani ba. Za ka rasa dabara ɗaya, kuma kana da hannun da zai koyi wata.

Yanzu zancen fim, tunda ka ce can zuciyarka take, Kano kake so. Dabo da fim gida ɗaya suka fito. Gidan wasan Robert-Houdin ɗin nan na Faris, wani ɗan dabo mai suna Georges Méliès ya saye shi a 1888, kuma da na'urar hoto mai motsi ta fito yana cikin na farko da suka rungume ta. Tun 1896 yake tsayar da kyamara, a janye mutum daga gabanta, a ci gaba da ɗauka, mai kallo ya ga mutum ya ɓace ɓat. Duk bokan da ka gani a fim ɗin Hausa ya buga ƙafa ya ɓace, tun daga zamanin kaset da fim ɗin Turmin Danya ya buɗe a Kano a 1990, wannan dabarar ce. Houdini ma ya yi finafinai daga 1918 zuwa 1923, har ya kafa kamfaninsa, ya tafka asara ya bari. A ganina dalilin a fili yake, a kan allo kowa na iya kuɓuta daga sarƙa. Saboda haka kada ka je da tunanin saurin yatsa zai ba ka gurbi. Abin da dabo ya koya maka da zai yi maka rana can shi ne sanin inda idon mutane ke zuwa, da iya riƙe fuska, da haƙurin maimaita abu ɗaya har ya zauna.

Fim yana da nasa nauyin. Ɗan dabo shi ke zaɓar ya bar mutane su gaskata, ɗan fim kuwa gaskata shi ake yi ko ya so ko bai so ba. Lokacin da NTA Sakkwato ke nuna Idon Matambayi, muna taruwa gidan mai talabijin, na sha jin dattijo ya fusata da ɗan wasa don abin da ya yi a cikin akwati, kuma ko a kasuwa da sunan wasan ake kiran 'yan wasan. A Nijar, Zalika Souley, wadda ta fara fim a 1966, ta sha fitowa a matsayin muguwar mace, mutanen Yamai suka riƙa zaginta a titi kamar ita ta aikata. Ka zaɓi abin da za ka fito a ciki da sanin cewa da shi za a kira 'ya'yanka. Da hannun nan naka, boka za su fara ba ka, ina da tabbas. In ka karɓa, ka yi bokan da mai kallo zai tashi yana ƙyamar zuwa wurin boka. Wanda zai sa a nemi lambar wayarka bayan fim ya ƙare, ka bar musu kayansu.

Ciwon da ya fi wuyar magani shi ne mai wasa ya gaskata kansa. An san Houdini da cewa cikinsa na jure naushi. A watan Oktoba na 1926, a birnin Montreal na Kanada, wani ɗalibi ya shiga ɗakin hutunsa ya tambaye shi ko gaskiya ne, ya dunƙule hannu ya kai masa tun bai shirya ba. Ciwon ciki ya kama shi, likita ya ce sai an yi masa aiki, ya ƙi soke wasa, ya hau dandamali a Detroit da zazzaɓi mai zafi. Ranar 31 ga watan ya rasu, yana da shekara 52. Mutumin da ya tona asirin kowa bai saurari jikinsa ba. A ƙasar nan mun ga Farfesa Peller, mutumin Iseyin, wanda ya koyo sana'ar a Indiya, ya yi wasa gaban shugabannin ƙasashe, ya yi suna da raba matarsa biyu a cikin akwati. A watan Agusta na 1997 'yan bindiga suka shiga gidansa, harsashi ya yi masa abin da yake yi wa kowa. Allah ya jiƙansa. Don haka wuƙa, wuta, fetur a baki, haɗiye allura, duk ka bar su. Ko kai ka tsira, yaran layinmu da ke kwaikwayon duk abin da ka yi ba su san akwai dabara a ciki ba. Kuma duk ranar da wani ya ce zai gwada ƙarfe a jikinka don an ce kana da tauri, ka ce masa ba ka da shi, da babbar murya.

Ban yarda babban yaron badukun nan mugu aka haife shi ba. Yunwa ce ta same shi babu wata sana'a a hannunsa, ga kuma mutane suna layi suna roƙon ya cuce su. Sana'ar kallo kakarta gajera ce, kuma ba ta sallama in za ta tafi. Méliès ya yi finafinai sama da 500, har da na tafiya duniyar wata na 1902 da ake koyarwa a makarantu har yau. Kasuwa ta juya masa baya, bashi ya ci shi, a 1923 ya ƙone finafinan da suka rage a hannunsa don baƙin ciki, daga baya aka same shi yana sayar da alewa da kayan wasan yara a wani ɗan shago a tashar jirgin ƙasa ta Montparnasse. Masu ba da labarinsa tausayinsa suke ji a nan. Ni a nan na fi ganin girmansa, domin ya san duk dabarun da ake buɗe ɗaki mai duhu da su, ya tsaya kan alewa. A gida kuma ka ji abin da Ladin Cima, wadda ta tsufa cikin wasan kwaikwayo, ta gaya wa BBC Hausa a 2022, cewa dubu biyu zuwa biyar ake ba ta in ta fito a fim. Wasu masu shirya finafinai sun musanta, aka yi ta ka-ce-na-ce, amma kai ma ka sha ganin ana yawo da hoton tsohon ɗan wasa a waya ana neman kuɗin jinyarsa. Ka duba kuma marigayi Usman Baba Pategi. Soja ne, kuma ma'aikacin gidan rediyo a Kaduna. Fitowarsa a matsayin Samanja ta zauna masa ne don ya san bariki daga ciki, kuma wasan bai zama shi kaɗai ne tukunyarsa ba.

Ga abin da zan gaya wa mahaifiyarka, tunda ta ce ni take jira. Ba zan ce a hana ka ba. Za ka ƙarasa koyon gyaran wayar da ka fara har maigidanka ya yaye ka, kuma da kayan aikinka za ka tafi. In ka sauka Kano ka fara neman benci a kasuwar waya ta Farm Centre kafin ka nemi ofisoshin 'yan fim a Zoo Road. Ka yi rajista da hukumar tace finafinai ta jihar kamar kowa. Kada ka tsaya gaban kyamara sai an yanke kuɗinka a gaban shaida, in da hali a rubuce, ko da mai fim ɗin ya kira ka ƙaninsa. Bidiyon dabo kuma, duk wanda za ka saki, ka faɗa da bakinka cewa wasa ne tun a farkonsa, don masu yankowa su tura wa wasu ƙarshen suke zubarwa. Akwai wani tsohon ɗalibina a can da zai ba ka wurin kwana har ka samu naka. Ka zo ranar Juma'a in an sauko daga masallaci mu kira shi tare.